An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Dala 600 da Wa'azin Sayen Kayan Gida

A ƙarshen watan Afrilun 2008 Baitulmalin Amurka ya fara tura wa 'yan ƙasar kuɗi, wasu ta asusun banki, wasu kuma caki ta gidan waya. Mai biyan haraji shi kaɗai ya samu har dala 600, miji da mata dala 1,200, aka kuma ƙara dala 300 a kan kowane yaro. Shugaba George W. Bush ne ya sa hannu a dokar ranar 13 ga Fabrairu, kuma kafin shekarar ta ƙare an raba kusan dala biliyan 100 ga gidaje sama da miliyan 100. An kira kuɗin da rangwamen haraji, wato gwamnati ta mayar wa mutum wani abu daga cikin harajin da yake biya. Dalilin rabon a fili yake: kasuwar gidaje ta rushe, bankuna sun fara tangal-tangal, ciniki ya ja baya, don haka ake so jama'a su fita kasuwa su kashe kuɗi ko tattalin arziki ya farfaɗo.

Kuɗin bai kai ga shiga hannu ba sai ga wa'azi ya riga shi isowa. Wata magana ta yi ta yawo a tsakanin Amurkawa, rabi raha rabi gargaɗi, cewa duk wanda ya kai kuɗinsa babban kanti ya aika da shi ƙasar Sin, wanda ya sha mai ya aika wa Larabawa, wanda ya sayi mota ya aika Japan, wanda ya sayi kayan marmari ya aika Meziko. Abin da ake nufi shi ne ɗan ƙasa na gari ba zai kashe dala 600 ɗinsa ba sai a kan abin da aka ƙera a Amurka. Wannan wa'azi bai mutu ba. Ya sake tasowa a 2020 da aka raba dala 1,200 saboda annobar korona, ya taso a 2021 da aka raba dala 1,400, kuma ana jin amonsa duk sa'ad da wani ɗan siyasa ya yi alkawarin sabon rabo.

Maganar tana da daɗin ji, domin naka sai naka. Amma idan aka bi ta daki-daki, kuskure uku ne a ƙunshe a cikinta: ba ta san inda kuɗin ya fito ba, ba ta san inda kuɗin ke zuwa ba, kuma ta ɗora wa magidanci alhakin abin da hukuma ta aikata da hannunta.

Daga ina kuɗin ya fito?

Kalmar rangwame tana sa mutum ya zaci gwamnati ta duba asusunta ta ga rara, ta ce bari a mayar wa masu ita. Babu wata rara a 2008. Giɓin kasafin kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka a waccan shekara ya kai kimanin dala biliyan 459, bayan da a shekarar da ta gabace ta yake kimanin biliyan 161. Kowace dala da aka raba rantowa aka yi, ta hanyar sayar da takardun bashin gwamnati. Su wa suka sayi takardun? Amurkawa sun saya, bankuna sun saya, ƙasashen waje ma sun saya, kuma a watan Satumbar wannan shekara ce ƙasar Sin ta zarce Japan, ta zama ƙasar waje da ta fi kowa bin gwamnatin Amurka bashi.

Abin dariyar a nan yake. Gwamnati ta miƙa hannu ta karɓi rance a kasuwar da Sin ke cikin manyan masu ba da bashi, ta danƙa wa ma'aikaci kuɗin, sa'an nan aka tsare ma'aikacin a bakin ƙofar kanti ana yi masa huɗubar kada ya kuskura ya sayi tukunyar da aka yi a Sin. Idan hulɗar kuɗi da Sin laifi ce, an aikata laifin tun kafin caki ya iso gidan waya, kuma ba mai sayen tukunya ne ya aikata shi ba.

Batun man fetur ma haka yake. A 2008 ƙasar da ta fi sayar wa Amurka mai ita ce maƙwabciyarta Kanada. Meziko da Venezuela na cikin na gaba-gaba tare da Saudiyya, Nijeriya kuma tana aika mata kusan ganga miliyan ɗaya kowace rana. Ba'amurken da ya sha mai da kuɗin rangwamensa, wani ɓangare na dalarsa Abuja ya nufa. Kuma bai yi haka don ƙaunar wata ƙasa ba: a watan Yulin shekarar gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, galan ɗin fetur ya haura dala 4, shi kuwa dole ya je wurin aiki. Mutumin da tsadar mai ta cinye masa rangwamensa ba ya bukatar a ƙara masa da zargin rashin kishin ƙasa.

Tambari ba ya faɗin inda kuɗi ya tafi

Ginshiƙin wa'azin shi ne zaton cewa rubutun da ke jikin kaya yana nuna aljihun da kuɗin zai faɗa. A duniyar yau wannan zato ya tsufa.

A ɗauki mota, tun da ita ce alamar alfaharin masana'antun Amurka. A 2008 motar Toyota Camry, mai sunan kamfanin Japan, ana haɗa ta a garin Georgetown na jihar Kentucky. Honda Accord ana haɗa ta a Marysville ta jihar Ohio tun 1982. Ita kuwa Ford Fusion, mai ɗauke da sunan da ya fi kowane suna zama na Amurka, a birnin Hermosillo na Meziko ake haɗa ta a wancan lokaci. To wane ne mai kishin ƙasa: wanda ya sayi Ford ya biya albashin ma'aikacin Meziko, ko wanda ya sayi Toyota ya biya na ma'aikacin Kentucky? Dokar Amurka ta liƙa bayanin asalin kayan mota ma ba ta raba gardama ba, domin tana haɗa kayan da aka yi a Amurka da na Kanada ta lissafa su a wuri ɗaya.

A ɗauki wayar hannu. A 2010 masana biyu na cibiyar bincike ta Bankin Raya Asiya sun lissafa kuɗin ƙera wayar iPhone ta wancan lokaci, suka samu kimanin dala 179. Daga ciki, ladan haɗa ta a Sin bai wuce dala 6 da rabi ba. Manyan kayan cikinta daga Japan, Koriya ta Kudu, Jamus da ita kanta Amurka suka fito, riba mafi tsoka kuma ta kamfanin da ke California ce. Duk da haka, a littafin kwastan, wayar gaba ɗayanta kayan Sin ce.

Bincike mafi amfani ga wannan gardama shi ne wanda Galina Hale da Bart Hobijn na reshen Babban Bankin Amurka da ke San Francisco suka fitar a 2011. Sun duba yadda Amurkawa suka kashe kuɗinsu a 2010, suka samu cewa kashi 88.5 cikin 100 ya tafi ne a kan abin da aka yi a cikin gida. Kayan da ke ɗauke da tambarin Sin kashi 2.7 ne kawai. A cikin kowace dala da aka kashe a kan irin waɗannan kaya kuma, santi 55 a Amurka yake tsayawa, a hannun direban da ya yi dakon kayan, da mai rumbun ajiya, da mai kanti, da yarinyar da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa, da mai gidan da kantin ke haya.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Kusan kashi biyu bisa uku na abin da gidan Ba'amurke ke kashewa a kan hidima yake tafiya: kuɗin haya, asibiti, makaranta, inshora, gyaran mota, aski. Ba a shigo da askin kai daga Shanghai. Wanda ya biya kuɗin haya ko ya kai motarsa wurin bakanike da rangwamensa ya sayi kayan gida tsantsa, ko da bai taɓa jin wa'azin ba. Wanda kuma ya sayi takalmin yaransa na Sin, ya bar fiye da rabin kuɗin a ƙasarsa. Hoton da ake zanawa na dala 600 tana shiga jirgin ruwa ta nufi gabas ba shi da tushe a lissafi.

Inda masu wa'azin suke da gaskiya

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da ke wannan magana ba mafarki suke yi ba; akwai ciwon da suke ji, kuma ciwon na gaske ne. A shekara ta 2000 masana'antun Amurka na ɗauke da ma'aikata sama da miliyan 17. Zuwa 2010 sun koma kimanin miliyan 11 da rabi. Masana irin su David Autor, David Dorn da Gordon Hanson sun nuna cewa gogayya da kayan Sin na da kaso mai nauyi a wannan asara, kuma wani bincike da suka yi tare da Daron Acemoglu ya ƙiyasta cewa ayyuka miliyan 2 zuwa miliyan 2.4 ne suka salwanta ta wannan hanya tsakanin 1999 da 2011. Giɓin cinikin kaya tsakanin Amurka da Sin ya haura dala biliyan 260 a 2008.

Asarar kuma ba ta watsu daidai a ko'ina ba. Ta taru ne a garuruwan da suka dogara da masana'anta ɗaya ko biyu: masu kujeru da gadaje a North Carolina da Virginia, masu masaƙu a jihohin kudu, masu ƙera ƙarfe da kayan mota a Ohio da Michigan. Ranar da masana'anta ta rufe a irin wannan gari, mai shagon kusa da ita ya rufe, harajin da ke riƙe makarantar garin ya ragu, matasa suka watse. Shi kansa binciken San Francisco ya nuna cewa a ɓangaren tufafi da takalma, sama da kashi ɗaya bisa uku na abin da ake saya na Sin ne. Ga ma'aikaciyar masaƙar da ta rasa aiki tana da shekara hamsin, gaya mata cewa kayan Sin kashi 2.7 ne kawai ba ta'aziyya ba ce.

Duk wannan gaskiya ne. Tambayar ita ce wa ya jawo shi, kuma wa ke da ikon gyara shi.

Wanda ya buɗe ƙofa

Majalisar Dokokin Amurka ce a shekara ta 2000 ta amince a ba Sin matsayin abokiyar ciniki ta dindindin, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu, Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001 a zamanin Bush. Jam'iyyun biyu duk da hannunsu a ciki. Shugabannin manyan kamfanoni ne suka zauna suka yanke shawarar kwashe injuna zuwa inda lada ya fi araha, masu hannun jari suka tafa musu. Hukuma ce ta yi alkawarin cewa za a taimaki waɗanda cinikin ya cutar su koyi sabuwar sana'a, sa'an nan ta ware wa shirin abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da girman ɓarnar. A duk waɗannan zaman ba a gayyaci mai sayen tukunya ba. Sai da aka gama, kaya suka cika kantuna, albashinsa ya tsaya cik, sa'an nan aka juyo gare shi aka ce ceton masana'antun ƙasa yana cikin kwandon cefanensa. Wannan shi ne a bar jaki a koma dukan taiki.

Shekarar 2008 ɗin ma ta ba da misalin da ya fi kowane bayani. Watanni kaɗan bayan an raba wa jama'a dala ɗari shida-shida, bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, kuma a watan Oktoba majalisa ta amince da dala biliyan 700 don ceto harkar bankuna, wato ninki bakwai na abin da aka raba wa gidaje. Koma-bayan tattalin arzikin da ya laƙume ayyuka sama da miliyan 8, ya kai rashin aikin yi kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009, daga bashin gidaje na ganganci da cacar manyan bankuna ya taso. Ko da kowane Ba'amurke ya kashe rangwamensa a kan kayan gida zalla, da Lehman bai fasa faɗuwa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan ana son a san nauyin kayan da ake ɗora wa mai saye, a duba abin da ya faru lokutan da gwamnati ta mayar da wa'azin doka. A 2009 Shugaba Barack Obama ya ɗora kuɗin fito mai tsanani a kan tayoyin mota na Sin. Cibiyar Peterson ta lissafa cewa ayyukan da aka ceto ba su wuce 1,200 ba, masu saye kuwa sun biya ƙarin kimanin dala biliyan 1.1 a 2011 kaɗai, wato kusan dala 900,000 a kan kowane aiki guda. A 2018 Shugaba Donald Trump ya yi irin wannan a kan injunan wanki. Farashinsu ya tashi da kimanin kashi 12 cikin 100, aka samar da ayyuka kusan 1,800, kowane ɗaya ya ci wa masu saye sama da dala 800,000 a shekara. Ma'aikacin da aka ceto ba ya karɓar ko kashi ɗaya bisa goma na wannan kuɗi. Wanda ya fi jin zafin ƙarin farashin kuwa shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda tayar mota da injin wanki ke cin babban kaso na albashinsa. Attajiri yana iya sayen takalmin gida na dala 300 ya yi alfahari da shi. Mai 'ya'ya huɗu da ke jiran dala 600 ba shi da wannan sukuni.

Akwai kuma wani gefe na wannan wa'azi da ba a son tunawa. Idan aka daɗe ana gaya wa mutane cewa baƙon kaya ne maƙiyinsu, wata rana sai su ga maƙiyin a fuskar baƙon mutum. A watan Yunin 1982, a yankin Detroit, lokacin da ake ɗora wa motocin Japan laifin rufewar masana'antu, wasu mutum biyu masu alaƙa da harkar ƙera motoci suka yi wa wani matashi Ba'amurke ɗan asalin Sin, Vincent Chin, dukan da ya yi ajalinsa ana saura 'yan kwanaki bikin aurensa. Kotun jiha ta ci su tara ta sallame su, ba su yi zaman gidan yari ba. Ba kowane mai cewa a sayi kayan gida ne ke da wannan zuciya ba, amma maganar da ke kawar da ido daga masu yanke shawara ta mayar da shi kan baƙi ba ta rasa haɗari.

To me za a yi da kuɗin?

Amurkawa sun amsa wannan tambaya da kansu, kuma amsarsu ta fi ta masu wa'azi hankali. Matthew Shapiro da Joel Slemrod na Jami'ar Michigan sun tambayi jama'a a 2008 abin da za su yi da rangwamen. Kashi ɗaya bisa biyar ne kawai suka ce galibinsa kashewa za su yi. Kusan rabi suka ce bashi za su biya, sauran suka ce ajiyewa za su yi. Wani bincike da Jonathan Parker da abokan aikinsa suka yi daga baya ya nuna cewa a aikace an kashe fiye da abin da aka faɗa da baki, musamman a kan motoci, amma duk da haka biyan bashi da ajiya sun ci kaso mai yawa.

Wasu masana sun ɗauki wannan a matsayin gazawa, tun da manufar rabon ita ce a kashe. Suna da hujja: idan kowa ya ƙanƙame kuɗinsa a lokacin da kasuwa ta mutu, cinikin wani ne ke raguwa, albashin wani ne ke tsayawa. Sai dai wannan matsala ce ta mai tsara doka. Idan gwamnati tana son kuɗi ya zagaya da sauri, ta san hannun da za ta saka shi. Masanin tattalin arziki Mark Zandi ya ƙiyasta a farkon 2008 cewa kowace dala da aka ƙara a tallafin abinci na talakawa za ta haifar da cinikin dala 1.73, wadda aka ƙara a tallafin marasa aikin yi kuma dala 1.64, domin mai jin yunwa ba ya ajiye kuɗi. Waɗannan biyun su ne aka cire daga dokar Fabrairun 2008 wajen sasantawa tsakanin jam'iyyu. Hukumar da ta ajiye makami mafi kaifi da gangan ba ta da bakin zargin magidanci don ya biya bashinsa.

Tsarin da ya dace da mai karɓar irin wannan kuɗi ba shi da wuyar ganewa. Da farko bashin da ke haihuwa: wanda ake bi dala 600 a katin bashi mai kuɗin ruwa kashi 15 cikin 100, ranar da ya biya ya tsirar da dala 90 a kowace shekara, ribar da babu kantin da zai ba shi. Bayan haka ajiyar ko-ta-kwana. Mutanen da suka adana rangwamensu a watan Mayun 2008 ba su san cewa kafin shekara ta zagayo da yawansu za su rasa aiki ba, amma da abin ya zo, su ne suka samu abin biyan haya na wata guda. Sai kuma bukatar da aka daɗe ana ɗagawa: rufin da ke yoyo, haƙorin da ke ciwo, birkin motar da ya lalace. Duk waɗannan hannun maƙwabci ne ke yin su, kuɗin kuma a unguwa yake kwana.

Idan an gama da waɗannan akwai saura, a nan ne zaɓin kayan gida ke da gurbi. Wanda ya tarar da abu biyu masu inganci ɗaya da farashi kusan ɗaya, ya zaɓi na masana'antar garinsu, ya kyauta. Wanda ya fi son sayen tumatir a hannun manomin da ya sani, ko kujera a wurin kafintan unguwa, yana riƙe da wani abu mai daraja wanda lissafi ba ya aunawa. Wannan kyautatawa ce da mutum ke yi gwargwadon hali. Abin ƙi shi ne a mayar da ita farilla, a riƙa auna kishin ƙasar talaka da ita.

Sayen da ke iya juya akalar masana'anta na mai babban aljihu ne, kuma Amurka ta san haka tun tuni. Dokar da ta wajabta wa gwamnatin tarayya fifita kayan gida a sayayyarta tun Maris 1933 take, Shugaba Herbert Hoover ya sa mata hannu ana gobe zai bar mulki. Dokar farfaɗo da tattalin arziki ta 2009, ta dala biliyan 787, ta sa sharaɗin amfani da ƙarfen gida a ayyukan gwamnati. Ana iya jayayya a kan ribar waɗannan dokoki da asararsu, amma aƙalla sun ɗora kayan a kan wanda zai iya ɗauka.

Amon maganar a Kano da Kaduna

Nijeriya ba ta saba mayar wa mai biyan haraji caki ba, amma wa'azin ba baƙo ba ne a kunnen mutanenta. Duk lokacin da naira ta faɗi, sai a ji manya a rediyo suna cewa laifin 'yan ƙasa ne da kwaɗayin kayan waje. Sai a ce matar da ta shiga Kantin Kwari ta zaɓi atamfar Sin mai sauƙin kuɗi ita ce ta kashe masaƙu.

Masaƙar Kaduna ta farko tun 1957 aka kafa ta, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, kuma an yi lokacin da unguwar Kakuri ke cika maƙil da ma'aikata safe da yamma, haka ma Bompai, Sharaɗa da Challawa a Kano. Abin da ya durƙusar da su sananne ne: wutar lantarkin da ba ta tsayawa, wadda ta tilasta wa masana'anta dogaro da janareta da baƙin mai, noman auduga da ya ja baya, bashin banki mai tsadar da ba ya barin riba, da fasa-ƙwaurin da ke ratsa iyakoki a gaban idon masu tsaronsu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke hannun mai sayen zanen sallah. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da sunan kare kayan gida, farashin shinkafa ne ya tashi, kuma wanda ya biya shi ne mai awo da mudu. Jami'in da ke hawa motar waje, yake jinya a waje, yake kai 'ya'yansa karatu waje, shi ne mafi ƙarancin cancantar yi wa wannan mata huɗuba.

Darasin ɗaya ne a Ohio da Kakuri. Masana'antar gida tana rayuwa ne idan ta samu wuta, hanya, jari mai sauƙi, ma'aikata masu horo da doka mai tsayuwa, har ta iya fitar da kaya mai kyau a farashin da talaka zai iya saya. Ranar da ta kai nan, ba ta bukatar mai wa'azi. Kafin ta kai, wa'azi ba zai riƙe ta ba. Mai karɓar rangwame ya biya bashinsa, ya gyara rufinsa, ya saya wa yaransa takalmin da aljihunsa zai iya. Idan yana da sauran kishin masana'antun ƙasarsa, wurin kai shi shi ne gaban wanda ya zaɓa ya wakilce shi, ya tambaye shi abin da ya yi da biliyoyin da suka ratsa ta hannunsa.